Alamar ruwa ta Sumer da ƙugiyar haruffanmu

A kudancin Iraƙi, a birnin Uruk, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Sumer suka fara rubutu a kan ɗanyen yumɓu da tsinken kara. Lissafin sha'ir da tumaki ne ya kai su, kamar yadda ɗan kasuwar albasa a Madawa yake riƙe ƙidayar buhunansa. Cikin alamominsu akwai wadda ake karantawa "a", ma'anarta ruwa. Da farko layi biyu ne masu lanƙwasa kamar gulbi, daga baya ta koma tsaga-tsaga masu kan ƙusa.

Wannan rubutu ya mutu kusan shekara 2000 da suka wuce, sai a ƙarni na 19 masana suka warware shi. A 2006 aka shigar da shi cikin Unicode, kundin da ke ba kowane harafi lambarsa don kwamfuta da waya su gane shi. Alamar ruwa ce ta buɗe sashen, da lamba U+12000. Tifinar, rubutun Abzinawa maƙwabtanmu, ya shiga tun 2005.

To, ina namu? Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun riga su duka, suna ciki tun farkon shekarun 1990. Lambar ƙ ita ce U+0199. A 1999 kuma gwamnatin Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da waɗannan haruffa. Amma a saƙonnin da nake samu daga Buza, Keita da Madawa, ƙugiya ta ɓace. Ana rubuta baki a nufi baƙi, fada a nufi faɗa, kafa a nufi ƙafa. Babba yana cinkar ma'ana daga zance. Yaron da ke koyon karatu, abin da ya gani shi yake ɗauka daidai.

Malamai da iyaye, gyaran yana hannunmu. Gboard yana da madannin Hausa, sanya shi a waya ba ya cin minti biyar. Mu sanya, mu nuna wa ƴaƴanmu, mu duba ƙugiya a littafin ɗalibi yadda muke duba ƴan alamomin Faransanci. Sumer ba ta da jikan da zai taɓa lambarta, masana ke riƙe mata. Tamu kuwa tana jiran yatsan masu harshen.