Tauraron Teku a Tankin Murjani: Nazari kan Nau'o'in da Suka Dace da Waɗanda Ba Su Dace Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dacewar sanya tauraron teku a cikin tankin gilashin da ake kiwon murjani, ta kuma nuna cewa batun yana da fuska biyu, wato ko dabbar za ta cutar da murjanin, da kuma ko tankin zai iya ciyar da ita, wadda ita ce fuskar da masu kiwo suka fi yin sakaci da ita.

Yanayin halittar dabbar

Tauraron teku dabba ce marar ƙashin baya daga rukunin da masana ke kira Asteroidea, kuma tana tafiya ne da ɗaruruwan ƙananan ƙafafu masu kama da bututu waɗanda ruwan teku ke motsawa ta wasu magudanai a cikin jikinta. Da yake ba ta da gaɓar da ke daidaita gishirin jikinta, duk canjin da ya faru a ruwan tanki yana shiga jikinta kai tsaye, shi ya sa ake buƙatar gishirin ya tsaya kusa da na teku, wato kimanin giram 35 a kowace lita. Da yawa daga cikin nau'o'inta suna ci ne ta hanyar fito da tumbinsu ta baki, su shimfiɗa shi a kan abinci su narkar da shi a waje, kuma murjani, da yake dabba ce mai laushin nama da ke manne wuri guda, ba shi da hanyar gudu.

Nau'o'i masu ɓarna

Mafi shahara shi ne Acanthaster, mai ƙayoyi masu dafi, wanda ke cin naman murjani ya bar farin ƙwarangwal. Binciken da Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Ostireliya ta fitar a 2012 ya nuna cewa babban shingen murjani na ƙasar ya rasa kusan rabin murjaninsa daga 1985, kuma kashi 42 cikin ɗari na asarar daga wannan dabba ya fito. Ba a cika sayar da Acanthaster ba, amma ana sayar da Protoreaster nodosus da Protoreaster linckii masu ƙulle-ƙulle a baya, saboda kyansu da juriyarsu, alhali suna cin murjani mai laushi da soson teku da kawa. Wurinsu tankin da ba a kiwon murjani ne.

Nau'o'in da ake ɗauka marasa cutarwa

A nan ne matsalar ta fi zurfi. Shuɗin tauraro, Linckia laevigata, da jajayen Fromia ba sa taɓa murjani, domin abincinsu siririn yauƙi ne na ƙwayoyin bakteriya da gansakuka da ke bin duwatsu, abincin da ba a saye a kanti, wanda kuma ƙaramin tanki ko sabo ba ya samar da isasshensa. Dabbar takan yi watanni tana cin ajiyar jikinta ba tare da wata alama ba, sannan hannayenta su fara zagwanyewa, lokacin da ceto ya riga ya yi wuya. Haka Archaster typicus mai tonon yashi yake: yana cinye ƙananan halittun yashin da ke taimakawa wajen tsabtace ruwa, daga baya yunwa ta kama shi. Ƙananan taurarin da ake kira Asterina, masu shigowa a maƙale da duwatsu suna yaɗuwa ta hanyar rabewar jiki, galibinsu gansakuka suke ci, ko da yake akan ga wasunsu a kan murjani mai laushi, don haka sa ido ya fi gaggawar kashe su.

Abin takaici ne cewa ana auna dacewa da lafiyar murjani kaɗai, alhali yawancin waɗannan dabbobi daga teku aka kamo su. Wanda zai ajiye Linckia ko Fromia yana buƙatar babban tanki da ya daɗe da kafuwa, mai yalwar duwatsu, wanda maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe bai taɓa shiga ba, sannan ya saba wa dabbar da sabon ruwa ta hanyar ɗiga mata shi kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i. Mai tankin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, abin da ya dace da shi shi ne ya haƙura da sayen tauraron teku.