Ƙafar da ke Hana Barci da Tarihin Maganin Ƙarin Jini

A shekarar 1672, likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana wasu marasa lafiya da, in sun kwanta da dare, ƙafafunsu ke ƙin zama wuri ɗaya, sai sun yi ta motsa su ko sun tashi sun yi tafiya. An shafe kusan ƙarni uku ana ɗaukar abin a matsayin damuwar zuci ko raki, har sai da Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi masa cikakken nazari a 1945, ya kuma lura cewa ya fi addabar mata masu juna biyu da masu ƙarancin jini. Ɗan ƙasarsu Nils Nordlander ya ɗora a kai a 1953: ya yi wa irin waɗannan marasa lafiya allurar sinadarin ayon ta jijiya, da yawansu suka samu sauƙi. Daga baya aka gane dalili, wato ƙwaƙwalwa na buƙatar ayon kafin ta sarrafa dofamin, sinadarin da ke da hannu wajen daidaita motsin gaɓoɓi.

Wanda ya ji wannan tarihi zai ce ai magani ya samu. A kowane kemis daga Ƙofar 'Yandaka zuwa cikin birnin Katsina, kwalaben ƙarin jini da ƙwayoyin bitamin na jere a kan kanta, ana sayar da su ba tare da takardar likita ba, wani lokaci ma a matsayin tsarabar mai jego. Sai dai ƙasashen da sauro ya yi wa katutu suna da nasu babin a labarin ayon, kuma an fara rubuta shi a maƙwabta.

Lokacin yunwar farkon shekarun 1970, likita M. J. Murray da abokan aikinsa sun ga abin mamaki a gabashin Nijar. Mutanen da yunwa ta galabaita suna zuwa asibiti ba zazzaɓi, amma kwanaki kaɗan da fara cin abinci sai maleriya ta kwantar da su, daidai lokacin da ayon ke hauhawa a jininsu. Sun buga rahoton a mujallar Lancet a 1975. Ƙwayar cutar, ashe, ita ma ayon take jira. Aka sake ganin haka a tsibirin Pemba na Zanzibar, inda aka dakatar da bai wa yara ayon da folik asid a wani babban gwaji, bayan an ga waɗanda ke sha sun fi kwanciya asibiti. Sakamakon ya fito a 2006. Shi ya sa a yau ake haɗa rabon ayon da rigakafin maleriya da maganinta. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini kuwa, ayon ɗin taruwa yake yi a hanta da zuciya, don jiki ba shi da hanyar fitar da rarar.

Bitamin B6, wanda ke cikin yawancin ƙwayoyin da ake kira na jijiya, ya fi ban takaici. A 1983 Herbert Schaumburg ya ba da rahoton manya bakwai a Amurka da ke shan giram 2 zuwa 6 kullum, alhali buƙatar jiki ba ta wuce miligiram 2 ba. Ƙafafunsu da hannayensu suka mutu, tafiya ta gagara. Mai fama da ƙafa da dare zai iya ƙara yawan ƙwayar yana zaton ciwon ne ya tsananta, alhali ƙwayar ce ke cin jijiyar.

Likitocin barci a yau sukan fara da gwajin feritin, wato ma'aunin ayon da jiki ya adana, su ba da ƙari idan bai haura 75 ba. Sukan kuma duba ƙoda da ciwon suga, su tambayi irin maganin mura da na ƙaiƙayi da mutum ke sha, domin masu sa gyangyaɗi daga cikinsu kan tayar da ciwon.