Waiwaye: Daga Azabtar da Yatsu Zuwa Horar da Ƙwaƙwalwa

A farkon ƙarni na 19, yawancin malaman piyano a Turai na ganin gwaninta a yatsa take. A 1814 Johann Logier ya fito da wata na'ura da ake kafawa a jikin piyano, ta riƙe hannun ɗalibi cak, yatsu kaɗai ke motsi. Carl Czerny, almajirin Beethoven, ya tsara ɗaruruwan darussan gudun yatsu. A 1873 Charles Hanon na Faransa ya wallafa nasa guda 60, yana umartar a ɗaga kowane yatsa sama a buga da ƙarfi, a yi ta maimaitawa kullum.

An samu sauri, amma hannaye da dama sun tagayyara. Robert Schumann ya je Leipzig da burin zama gwanin piyano. Wajen 1832 yatsansa na tsakiya a hannun dama ya ƙi bin umarninsa, kuma ana alaƙanta hakan da matsanancin atisaye da wata na'urar miƙe yatsu. Dole ya koma tsara kiɗa.

Daga nan tunani ya fara juyawa. Tobias Matthay a Ingila a 1903, da Rudolf Breithaupt a Jamus a 1905, suka koyar da cewa nauyin damtse da sakin jiki ne ke fitar da sauti. A 1929 Otto Ortmann ya wallafa sakamakon auna motsin hannun makaɗa da ya yi da na'urori a Baltimore.

Binciken ƙwaƙwalwa ne ya warware zare da abawa. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa suka gano cewa a ƙwaƙwalwar masu gogen Turawa, gurbin yatsun hagu ya fi na sauran mutane faɗi, musamman waɗanda suka fara tun suna ƙanana. Maimaici kan sassaƙa ƙwaƙwalwa. Idan ya wuce kima, iyakokin gurbin yatsu a ƙwaƙwalwa su cakuɗe, a ɗaga ɗaya wani ya naɗe. Abin da ya sami makaɗin piyano Leon Fleisher na Amurka ke nan a 1964: yatsu biyu na damansa suka lanƙwashe cikin tafi, ya shafe kusan shekara talatin yana kiɗa da hagu.

Shi ya sa malaman yau ke cewa a yi atisaye a hankali, gaɓa-gaɓa, da hutu a tsakani. Duk mai koyar da kiɗa ya sani: abin da ɗalibi ya maimaita shi jiki zai riƙe, daidai ne ko kuskure.