Daushe: Yadda Goron Kurmi Mai Araha Ya Kamo Na Gwanja

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani abu da muke rabawa a wajen ɗaurin aure da suna ba tare da mun tambayi asalinsa ba, wato goro, musamman daushe.

Ga wanda bai tashi a gidan fatauci ba, sabon goro da ya shigo kasuwa shi ne nata, wanda kuma ya kwana biyu a ajiye har sabo ya tarar da shi, shi ne daushe. Nata yana da ruwa da bauri, daushe kuwa ya tsane, ya yi garɗi, kuɗinsa ma ya fi. Kamar yadda mutanen Faransa ke tinƙaho da tsohuwar giyar inabinsu, mu abin da ajiya ke ƙara wa daraja a wurinmu, kuma halal, shi ne wannan.

A ƙarni na 19, goro mai suna daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a ƙasar Gana ta yanzu, a kawo shi kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja. Can fataken Kano ke zuwa da ayarin jakuna ƙarƙashin madugu, suna kai kanwa da tufafi da fatu. Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su waɗannan na ƙarshe asalinsu Barno ne kamar su Muhammadu Dunama da suka kafa garin nan na Lafiya. Tafiyar watanni ce, saboda haka dole a riƙa kwance kaya a hanya, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Kafin goro ya iso Kano ya riga ya kwana. A wannan doguwar hanya kakanninmu suka koyi ajiya.

Daga baya al'amura suka juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, a 1892 kuma yaƙin basasa ya wargaza Salaga. Sai fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A farkon ƙarni na 20 ne kuma manoman ƙasar Yarbawa, a wajen Agege da Ota, daga baya Shagamu, suka dukufa shuka irin goron Asante. Har yau Yarbawa na kiransa gbanja, wato Gwanja ɗin nan dai.

Wannan goro na Kurmi ya fi araha, domin ba ya ƙetare iyaka, hanyarsa kuma gajeriya ce. A wurin dattawa, sunan Gwanja da na Labuje na ƙasar Nufe shi ne suna. Amma Hausawan da suka zauna a unguwannin Sabo na Ibadan da Shagamu sun riƙe sana'ar tattarawa da zaɓe da ɗauri, suka nuna cewa ɗan Kurmi ma idan ya samu hannu yana zama daushen da ba ya jin kunya a gaban kowa. Yau shi ne ya cika kasuwannin Arewa.

Mene ne hannun? Bayan girbi, wanda ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba, ana ɓare goro, a wanke, a bar shi ya yi gumi na 'yan kwanaki. Sannan a ware marsa daban, minu daban, a jera a kwando da aka shimfiɗe da ganye, a ajiye a inuwa. Lokaci lokaci a buɗe, a fitar da mai sankara, a canja ganye. Idan iska ta yi yawa ya bushe, idan danshi ya yi yawa ya ruɓe ko ya tsiro. Wanda ya iya, kayansa na iya kaiwa shekara.

Abin da ke damuna shi ne, mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun fara raina wannan ilimi. Wasu ma, don gudun wahalar tsincewa, sai su zuba wa huhu maganin ƙwari, alhali goro ɗanye ake tauna shi, ba a dafawa. Wannan cutar da jama'a ne, kuma zubar da amanar da aka san Bahaushe da ita a duk inda ya yi zango.

Mu da ke zaune a Lafiya ba mu da gonar goro, daga nesa ake kawo mana. Jarinmu shi ne sanin yadda ake ajiye shi. Shawarata ga matasa irina ita ce, duk mai uba ko kawu a layin 'yan goro ya je ya zauna kusa da shi ranar buɗe kwando, ya koya tun suna raye. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin.