Kumburin Wuya Mai Fitowa Ya Ɓace: Faɗaɗar Jijiyar Jini

A kowane gefen wuyan ɗan Adam akwai wata babbar jijiya mai mayar da jini daga kai zuwa zuciya. Wani jefi jikin wannan jijiya yakan yi rauni har ta faɗaɗa fiye da ƙima. Likitoci na kiran wannan lalura filebektasiya. Ba kasafai ake samunta ba, kuma an fi ganinta ga ƙananan yara, galibi maza, a gefen dama na wuya.

Alamarta ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya lura. Idan yaro yana kuka, ko tari, ko yunƙuri, sai wani kumburi mai taushi ya taso a ƙasan wuyansa. Da zarar ya natsu sai ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Dalili kuwa shi ne yunƙuri yakan tokare jinin da ke gangarowa ƙirji, sai ya taru inda jijiyar ta yi rauni. Yawanci ba ya ciwo. Ya bambanta da maƙoƙo, wanda yake nan daram kullum kuma yakan motsa idan an haɗiyi yawu, ya kuma bambanta da kaluluwa mai tauri.

A asibiti ana tabbatar da lalurar ta hanyar hoton sikanin, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita. Akan auna faɗin jijiyar yaro yana kwance, a sake aunawa yana yunƙuri. Ya kyautu iyaye su ɗauki hoton kumburin da waya lokacin da ya taso, domin sau da yawa yakan ɓuya a gaban likita.

Akasarin yaran ba sa buƙatar magani, sai dai a riƙa kai su ana dubawa. Tiyata sai in jini ya daskare a jijiyar, ko kumburin ya yi girman da ya dami mai shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne sakiya. Wannan ba maruru ba ne, babu mugunya a ciki, jini ne zalla, kuma in aska ta huda jijiyar ana iya rasa yaron kafin a isa asibiti. Don haka muna roƙon dagatai, masu unguwanni da sarakunan aska su gargaɗi wanzamai kada su tsaga ko su kafa ƙaho a kan kumburin wuya. Ma'aikatan ɗakunan shan magani su ma kada su soka allura don zuƙo abin da ke ciki, su tura yaron babban asibiti. In kumburin ya taurare, ya soma ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a tafi ranar, kada a kwana.