Ginin Ƙasa Mai Ciyawa a Tsibirin Ayislan

Na daɗe ina jin ana cewa ginin ƙasa alamar talauci ce, shi ya sa na ga ya dace in kawo wa malamai da dattawa labarin wata al'umma ta can arewacin Turai wadda ta yi kusan shekara dubu tana kwana a cikinsa.

Mutanen da suka fara zama a tsibirin Ayislan, wajen shekarar 870 miladiyya, mafi yawansu daga Norwe suka fito. Ba a jima ba suka cinye ɗan dajin da suka tarar, katako ya yi wuya, har sai wanda teku ya turo gaɓa. Sai suka koma ga fadama. Sukan yanko saman ƙasa tare da ciyawarta da saiwoyinta, su shanya, sannan su jera a kan tushe na duwatsu. Saiwoyin nan su ne ke riƙe ƙasar, kamar yadda ciyawar da maginanmu ke cuɗawa cikin kwaɓi ke hana bango tsagewa. Bangon yakan yi kauri ƙwarai saboda sanyi, rufin kuwa ciyawa ce ke ci gaba da tsiro a kansa, har mai hange daga nesa ya ɗauka tudu ne.

Gidan da ya fi shahara shi ne Glaumbær, a yankin Skagafjörður da ke arewacin tsibirin. Ɗakuna ne jere, wani dogon lungu ya haɗa su, ga kuma babban ɗaki inda iyali ke kwana, suna kaɗin ulu da dare. An zauna a cikinsa har shekarar 1947, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1952. A lokacin siminti da kwano sun riga sun ci kasuwa, mutane da yawa na kallon tsohon gini a matsayin abin kunya, ana ta rushewa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, irin wannan bango ba ya dawwama. Ruwa na cinsa, musamman a kudu inda ake tafka ruwan sama, don haka dole a riƙa warware shi ana sake jerawa. Gidan da babu mai iya gyaransa, ko an kewaye shi da doka, faɗuwa zai yi. Dalili ke nan a Skagafjörður ake shirya kwasa-kwasai ana koya wa mutane yankan ƙasar da jerinta, da hannu, a kan tsofaffin gidajen gona.