Darasin Suka da Malamar Aji Ɗaya

Saura 'yan watanni in ajiye aiki, wani matashin malami da aka ɗauka a sashenmu bara ya same ni a ofis, riƙe da jerin sunayen ɗaliban da aka ba shi ya je ya duba a koyarwar gwaji. Ya ce, "Baba, wai a zamaninku ɗalibai nawa mutum yake iya dubawa a rana?" Na ce masa biyu, in an yi sammako. Ya yi dariya, ya zaci zolaya nake yi. Shi lissafinsa ya zaga makarantu uku kafin azahar, ya ba kowa maki, ya dawo gida. Ban ga laifinsa ba, haka ya tarar ana yi. Amma tun da zamana cikinsu ya zo ƙarshe, gara in rubuta yadda aikin yake kafin ya koma haka.

Ba sai na tsaya ba da labarin Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 ba. Kowa ya san ta, ya san su Tafawa Ɓalewa da Sardauna can suka yi karatu. Abin da ake mantawa shi ne, malaman da ta yaye na manyan makarantun lardi ne, waɗanda daga baya suka zama Midil. Masu koyar da ƙananan yara a elemantare daga wasu wuraren suka fito, irin su Toro a ƙasar Bauchi, da Maru a lardin Sakkwato na wancan lokaci, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya bar aikin gwamnati a 1950, da kwalejojin horon malamai mata, da na mishan. Kusan kowace daga cikinsu tana da 'yar makarantar firamare a jikinta ko daf da ita. Nan ne ake koyon aikin, kuma ba a tura malami wannan makaranta don an rasa inda za a kai shi. Zaɓo shi ake yi.

Na shiga kwalejin horon malamai ta Giredi Tu a 1974, kai tsaye daga aji bakwai, karatun shekara biyar. Kafin a sake mu zuwa makarantun ƙauye mu yi makonni, sai mun bi ta kan abin da muke kira darasin suka. Yau in na ambace shi ko a gaban manyan malamai sai su tsaya kallona.

Ga yadda yake. Akwai safiya ɗaya da aka keɓe a mako. Tun da sauran kwanaki za a fitar da sunan mutum ɗaya, a ba shi aji, a ba shi darasi. Ranar, mu 'yan ajinsu za mu ɗauko bencina mu jera a bayan ajin, kowa da littafi da fensir. Malamin dabarun koyarwa yana gefe, mai ajin tana kujerarta. Yara kuwa na gaske ne, da majinarsu da ƙiriniyarsu. Minti talatin, ba tari, ba dariya, ba yi wa mai darasi ishara. In an buga ƙarfe yara sun fita, sai mu koma gindin darbejiya a zauna. Mai darasin ke fara magana: me ya yi niyya, me ya samu. Sannan mu. Doka biyu ce. Ta farko, sai ka faɗi abu ɗaya da ya yi daidai kafin ka taɓo inda ya kauce. Ta biyu, ba a karɓar "darasi ya yi kyau" ko "bai yi ba". Sai ka kawo abin da idonka ya gani: wane yaro, a wane layi, ya yi me.

A gindin bishiyar nan aka raba mu da halayen da yau nake gani jingim a azuzuwa. Mutum ya juya wa yara baya yana yi wa allo bayani. Ya ce "kun gane?" su amsa "eee!" baki ɗaya, ya ɗauka ya gama. Ya riƙa kiran mutum uku da ke ɗaga hannu, sauran su zama 'yan rakiya. Ya ambaci sunan yaro kafin ya yi tambaya, da ma da jin ba sunansu ba ne sauran sun saki hankalinsu. Ya tsaya a gaban taga, yara ba sa ganin bakinsa alhali sautin baƙi yake koya musu. Duk waɗannan suna cikin littafi. Amma karanta su daban, a nuna maka su a jikinka a gaban abokanka daban.

Maganar ƙarshe kullum ta mai ajin ce, ba ta malamin kwaleji ba. Malamar aji ɗaya ta firamaren kwalejinmu, Allah Ya jiƙanta, takardar Giredi Tiri kaɗai gare ta. A gabanta Malama muke cewa, a bayan ido Goggo. Ba ta da yawan magana. Na tuna ranar wani abokinmu da ya fi mu duka Turanci da iya zane. Darasin ƙidaya ne, ɗaya zuwa biyar. Ya kwana yana zana kaji a kwali, ya zo ya yi darasi tsaf, muka rasa abin suka. Da aka zo kanta sai ta ce, "Ɗana, yarinyar da ke bakin ƙofa, yaya sunanta?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Tun shigowarka take matse ƙafa. Fitsari take ji, tsoronka ya hana ta magana. Kajin nan naka ko ɗaya ba ta ƙirga ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mu da muke bayan aji, da littattafanmu cike da rubutu, babu wanda ya lura da yarinyar.

In aka tura ka ajinta, makon farko ba za ka taɓa alli ba. Za ka zauna ƙasa cikin yara. Kai ne duba farce da haƙora da safe, kai ne raka mai kuka, kai ne tsayawa da su in an tashi tara, har ka san mai zuwa da kuɗin tara da mai zuwa hannu rabbana ya raɓe jikin bango. Sai ka haddace sunayensu duka, da wanda ake kiransu da shi a gida in ya bambanta da na rajista, sannan ta ba ka minti goma. Rubutu a wurinta daga ƙasa yake farawa: yatsa a rairayi, sannan sileti, fensir sai can gaba. Lissafi kuwa da 'ya'yan tsamiya da marafan kwalba da kara da muke ɗaurewa goma-goma. Kowane ɗalibi sai ya tara nasa gwangwanin, kuma ana duba shi kamar yadda ake duba littafin shirin darasi. Littafin Ka Koyi Karatu ba ya fitowa daga kabad sai yaro ya iya jin bambancin "ba" da "ɓa" a kunnensa. Ba ta yarda a doki hannun bahago ba, a lokacin da kusan kowa ke ganin dukan gyara ne.

Ita ce ta fara nuna mana cewa yaran nan ba fanko suke zuwa ba. Yawancinsu sun riga sun fara makarantar allo, sun iya zama, sun iya hadda, hannunsu kuma ya saba farawa daga dama. Saboda haka in ka ga yaro ya soma rubutu daga ƙarshen sileti yana tahowa hagu, ba daƙiƙi ba ne, ilimin da ya zo da shi ne. Sai ka ɗiga masa alama a gefen hagu ka ce nan ne ƙofar boko. Shekaru da yawa bayan haka, ina mai duba ɗalibai, na isa wata makarantar ƙauye a kan babur, na tarar ɗalibata ta zabga wa kusan rabin aji jan biro saboda wannan abin. Yarinya ce mai ƙoƙari, shirin darasinta babu kuskure. Mai ajin tun ranar da ta zo ya miƙa mata rajista ya tafi gona. Muka zauna a barandar makaranta na gaya mata abin da Goggo ta gaya mana, ta ce, "Malam, wallahi babu wanda ya taɓa faɗa mini."

Amma na yi gaba da yawa. Abin da ya karya darasin suka shi ne Satumbar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, U.P.E. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, kimanin miliyan 3 suka fito. Inda babu takardar haihuwa, yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne an ɗauke shi. Ba na cikin masu zagin U.P.E., don ƙannena ta nan suka samu karatu. Amma sai da aka nemo malamai ko ta halin ƙaƙa. Aka buɗe sababbin kwalejoji, aka cika tsofaffi maƙil, aka fito da kwasa-kwasan gaggawa na shekara ɗaya da biyu da uku. Bencina ba su ƙara shiga bayan aji ba saboda yawanmu. Darasin mako-mako ya koma na zango-zango, daga nan ya ɓace. Ba wata takarda da ta zo daga ma'aikata ta soke shi.

An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don malamai su ƙaro ilimi suna bakin aikinsu. Kafin ita ma, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa, mai malaman horo masu yawo. Su ne ke bin malami har ajinsa, su zauna su kalli darasinsa, su karɓi alli su gwada masa, su dawo wani makon su ga ko ya kama. A iya sanina da aikin nan ban ga dabarar da ta fi wannan ba, kuma a nan Arewa aka yi ta. Da tallafi ya janye, ita ma ta bi sahu.

Sai zancen takardar shaidar malanta ta N.C.E. Asalinta daga rahoton Ashby na 1960 ne, wanda ya haifar da manyan kwalejojin malamai irin ta Zariya a 1962, kuma don ƙananan azuzuwan sakandare da kwalejojin malamai aka tsara ta. Da aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, sannan manufar ilimi ta 1998 ta ce N.C.E. ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, sai kwalejojin Giredi Tu suka ƙare, yawancinsu suka koma sakandare. Takarda ta ƙaru, ban musa ba, ni ma ta nan na hau. Amma wanda ya shekara uku yana karanta tattalin arziki da labarin ƙasa sai ga shi a gaban ɗan shekara shida, bai taɓa ganin yadda ake koya wa yaro riƙon fensir ba. Sai a 2012 aka sake fasali, aka ba renon ƙananan yara da karatun firamare nasu matsayin, aka mai da koyarwar gwaji zangon karatu guda cur. Gyara ne mai kyau, na kuma yi murna da shi.

Sai dai tsawon lokaci ba ya koyar da kowa in babu mai kallo. Yanzu kafin ɗalibi ya fita, abin da yake yi shi ne ɗan gajeren darasi a gaban abokansa, ƙarti da 'yan mata su zauna wai su ne 'yan rabin aji. Ɗan shekara ashirin ba ya kuka don an ƙwace masa takalmi, ba ya barci a tsakiyar waƙa. Daga nan a tura shi makarantar da ya zaɓa don tana kusa da gidansu. Mai aji ya samu hutu. Mai dubawa ya zo, ya leƙa ta taga ko ya zauna minti goma, ya duba littafi, ya cike fom. Wani wurin ma ɗalibai ke haɗa masa kuɗin mai. Waɗanda aka kai makarantun kuɗi kuwa su tarar ana ba ɗan shekara uku aikin gida na rubuta ɗaya zuwa ɗari, da Turanci, alhali manufar ilimi ta 1977 ta ce a wannan mataki wasa ne hanyar koyarwa, da harshen uwa ko na yankin. Su dawo mana suna ganin hakan ne ci gaba. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ƙasa ta ɗauka da zancen abin da malamai ba su sani ba. Ban ji wanda ya tambayi ko akwai wanda ya taɓa zama daga farkon darasinsu zuwa ƙarshe ba.

A zamaninmu, a shekarar ƙarshe masu jarrabawa daga waje ke zuwa su kalli koyarwarka, kuma wanda ya faɗi a nan, ko ya cinye sauran takardu, sai ya maimaita. Ba na cewa a dawo da Giredi Tu. Abin da nake roƙon waɗanda zan bari a baya bai kai haka tsada ba. Kwalejojin da ke da firamare a harabarsu su daina ɗaukarta makarantar 'ya'yan ma'aikata kawai, su sa gwanaye a ƙananan azuzuwanta. A raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum goma, a dawo da darasin suka. A nemo irin su Goggo, don har yanzu akwai su a makarantun gwamnati, a rubuta sunansu, a biya su wani abu, a sa makin da suka bayar ya yi nauyi daidai da namu. Mai dubawa kuma a rage masa yawan sunaye, a wajabta masa zama har a buga ƙarfe, ya kuma zauna da ɗalibin bayan yara sun fita. Wanda ba zai iya wannan ba, a bar shi a ofis, a ba wani kuɗin tafiyar.